Kafin Ka Ƙara Gas: Jagorar Duba Esin Tsohuwar Mota a Ƙasar Gobir

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a gabashin Sakkwato, maganar da masu gyaran esi suka fi ji daga bakin direbobi ita ce: "Oga, gas ya ƙare, a ƙara mani." Sai a ƙara, a biya, mota ta yi sanyi na mako biyu ko uku, a sake komawa gidan jiya. Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, inji ba ya shan gas ɗin esi yadda yake shan fetur. Zagayawa gas yake yi cikin rufaffen bututu, idan kuwa ya ragu sosai, to akwai inda yake zurarewa. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan daram, abin da ya mutu fis ne, ko fanka, ko kuma ƙura ce ta toshe hanyar iska.

Mutumin Sabon Birni ko Isa ya fi kowa bukatar sanin wannan. Masu esi da ke da cikakkun kayan aiki sun fi yawa a manyan garuruwa, Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi, kuma bin hanyar Goronyo ko ta Shinkafi da Ƙauran Namoda a wannan zamani na rashin tsaro ba tafiya ce da ake yi don nishaɗi ba. Motocin da ke yankin kuwa galibi sun ga jiya sun ga yau: Golf 3, Sharan, Vectra, Fijo 406, Carina E, Corolla da Hilux. Wanda ya san inda kowane sashe yake zai iya kawar da rabin matsalar a ƙofar gidansa, sauran rabin kuma ya isa gareji yana sane da abin da zai biya wa kuɗi.

Yadda sanyin ke samuwa

Ruwan randa yana sanyi ne saboda danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Esi ma haka yake aiki, sai dai shi nasa ruwan ba ya ɓacewa. Gas ɗin R134a yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Kwamfuresa tana matse shi ya yi zafi, ta tura shi kwandensa, iska ta huce shi ya koma ruwa. Ya ratsa diraya ta tace shi ta tsotse danshi, ya kai ga wani ɗan bawul mai ƙaramar ƙofa, ya fesu cikin ibaforeta. Nan yake tafasa ya zuƙe zafin cikin mota, bulowa ta busa iska ta cikinsa zuwa fuskarka, sannan ya koma kwamfuresa. Ke nan na'urar tana da ɓangare biyu: mai matsi da zafi, inda bututu yake siriri, da mai sanyi, inda bututu yake da kauri. Duk binciken da zai biyo baya a kan wannan rabon ya ginu.

Ina kowane sashe yake?

Kashe mota, zare makulli, ka bari inji ya huce. Ka cire babbar riga ko rawani, don fambel ba ya da sabo, kuma fankar wasu motocin, irin su Golf, tana iya tashi da kanta ko da inji a kashe yake.

Kwamfuresa tana gefen da fambel yake, yawanci can ƙasa, ƙarƙashin altaneta. Za ka gane ta da tiyo biyu da suka fito daga jikinta da wayar wuta da ta shiga bayan fulinta. A fuskar fulin akwai faifan ƙarfe, shi ne kulocin da maganaɗisu ke jawowa idan an kunna esi.

Kwandensa tana gaban lagireto, bayan bamba. Kamarsu ɗaya, sai dai ta fi shi sirantaka. Diraya gwangwanin alminiyam ce, tana tsaye a gefen kwandensa ko bayan fitilar gaba. A tsofaffin motoci akwai ɗan gilashi a kanta ko a kan siririn bututu wanda ake leƙa gas ta cikinsa. A motocin da suka biyo baya, kamar Corolla ta 2003 zuwa sama, dirayar tana cikin wani dogon bututu da ke manne da gefen kwandensar. Makunnin matsi, wanda ke yanke wuta idan gas ya yi kaɗan ko matsi ya yi yawa, yana kan siririn bututun, da soket a kansa.

Bi bututan biyu har inda suka huda bangon da ya raba inji da cikin mota. A motocin Turai da yawa, dunƙulen alminiyam ɗin da suka haɗu a kansa shi ne bawul. A tsofaffin Toyota yana ciki, tare da ibaforeta, a akwatin roba da ke bayan dashbod. Bulowa tana ƙarƙashin ɗan akwatin ajiya na gaban fasinja. Filtar iska a Corolla ta 2003 da Vibe tana bayan wannan akwatin, a Golf 3 kuwa tana waje, ƙarƙashin bonet, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren fasinja. Wasu tsofaffin motocin ba su da ita sam. Sharan da Hiace masu esin baya suna da ibaforeta ta biyu da dogayen bututai da suka bi ƙarƙashin mota, inda duwatsu da taɓo ke cin su.

Saura ƙofofin gas guda biyu. Ta kan bututu mai kauri tana da murfi mai harafin L, ta kan siriri mai harafin H. A ƙarshe ka nemi 'yar takardar da ke manne a cikin bonet ko saman lagireto. Ita ke faɗin irin gas da nauyinsa a giram. Ɗauki hotonta da waya, don rana da ƙura suna goge rubutun.

Binciken da ba ya cin ko kwabo

Fara da iska. Tayar da mota ka murɗa bulowa daga lamba ɗaya zuwa ta ƙarshe. Idan shiru gaba ɗaya, duba fis. Idan lambar ƙarshe ce kaɗai ke aiki, 'yar na'urar rage gudu da ke jikin akwatin bulowa ce ta ƙone, kuma ba ta da tsada. Idan tana ƙugi amma iskar ba ƙarfi, filta ta cika, ko fuskar ibaforeta ta toshe da ƙurar hunturu. Motar da ke kwana da buhunan gero ko wake kuma, kada ka yi mamaki ka zaro bulowa ka tarar ɓera ya yi sheƙa a ciki da tsumma da ƙaiƙayi.

Na biyu, kuloci. Sa wani ya danna maɓallin esi kai kana kallon kwamfuresa. Ya kamata ka ji ƙas, faifan gaba ya kama juyawa tare da fuli, sulon inji ya ɗan ɗaga. Idan fuli na juyawa faifai na tsaye, duba fis, sannan ka musanya rilen esi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na ham. Idan bai tashi ba, saura abu uku: gas ya yi ƙasa har makunnin matsi ya yanke wuta, ko nadin wayar maganaɗisu ya ƙone, ko tazarar faifai da fuli ta buɗe. Rewaya zai auna nadin da mita, lafiyayye yakan nuna om 3 zuwa 5. Tazarar kuwa kusan rabin milimita ce. Alamar buɗewarta sananniya ce: esi ya yi sanyi da safe, rana ta take ya ɗauke, sai inji ya huce ya dawo. Maganinta a cire faifan a rage siririyar washa ɗaya da ke bayansa. An sha sauya kwamfuresa sukutum saboda wannan 'yar washa.

Akwai ɗabi'ar haɗa wayoyin makunnin matsi don a tilasta wa kwamfuresa juyawa. Gwaji na daƙiƙa biyu ko uku ba laifi. Barin sa haka kuwa kisan kwamfuresa ne, don man da ke jiƙa ta tare da gas yake yawo. Babu gas, babu mai.

Na uku, fanka da kwandensa. Da zarar esi ya kama, fankar gaba ta tashi. Motar da ke sanyi a kan gudu amma ta yi ɗumi in an tsaya a tasha ko shingen bincike, kusan kullum a nan matsalarta take. Haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. Za ka ga abin da hanya ta tara: busasshiyar laka, fikafikan fara, ƙaiƙayi, guntun leda, sun zama tabarma. Wanke da ruwa marar ƙarfi da burushi mai laushi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana lanƙwasa siraran haƙoran, iska ta daina ratsawa.

Na huɗu, taɓa bututai, nesa da fambel. Bayan minti biyar mai kauri ya yi sanyi har ya yi gumi, siriri ya yi zafi. Idan duk biyun ɗuminsu ɗaya, gas ya yi ƙasa ko kwamfuresa ba ta matsawa. Idan ƙanƙara ta fito a jikin diraya ko siririn bututu, akwai toshewa daidai wurin. Idan mai kauri ya yi sanyi ƙalau amma iskar ciki ɗumi-ɗumi, esi lafiya yake, zafin hita ne ke kutsowa. Golf 3 ta yi suna a nan: soson da aka manna a ƙyauren da ke raba iska mai zafi da mai sanyi yana ruɓewa, har ka ga baƙaƙen ɓurɓushinsa suna fitowa ta ƙofofin iska. Ko dai a sake lulluɓe ƙyauren, ko a haɗe tiyo biyu na hita a waje, ruwan zafi ya daina shiga ciki.

Idan sanyi ya ɗauke bayan tafiyar rabin awa, ka kashe esi na ɗan lokaci ya dawo, lura da ƙarfin iska. In ya ragu, ibaforeta ce ke daskarewa saboda ma'aunin sanyinta ya lalace. In bai ragu ba, danshi ne a cikin bututu yake zama ƙanƙara a bakin bawul. Ruwa a ƙafar fasinja kuma, ɗan tiyon magudana da ke ƙarƙashin mota ne laka ta toshe. Siririyar waya ta isa.

Abin da geji ke faɗi

Daga nan aiki ya koma hannun mai geji, amma ka tsaya a kansa. Inji a kashe, agogo biyun da ke jikin gejin, shuɗi na ƙofar L da ja na ƙofar H, su nuna lamba ɗaya, kuma lambar tana bin zafin gari: kusan psi 115 a digiri 35, sama da 130 kaɗan a digiri 40. Wannan lambar ba ta nuna cewa gas ya cika, don ko kaɗan ya rage a ruwansa haka za ta nuna. Inji na aiki a zafin bazara, shuɗin agogo yakan zauna tsakanin 30 da 50, ja tsakanin 200 da 300. Duk biyun sun yi ƙasa, gas ya zurare. Duk biyun sun yi sama, an cika gas fiye da kima, ko kwandensa ba ta hucewa, ko iska ta shiga. Shuɗi ya hau ja ya sauka har sun kusa haɗuwa, kwamfuresa ta gaji. Shuɗi ya faɗi zuwa sifili ko ƙasa, bawul ko diraya ta toshe.

Neman inda yake yoyo

Ƙurar yankinmu tana taimakawa a nan. Duk inda gas ya fita, mai yana biyo shi, ƙura ta manne ta yi baƙin tabo mai maiƙo. Duba mahaɗar bututai inda zoben roba yake, da inda aka matse tiyo da ƙarfe, da fuskar kwandensa inda tsakuwa ke bugu, da bayan faifan kuloci, da bakin ƙofofin gas biyu, waɗanda ke da ɗan bawul irin na taya. Shafa ruwan omo ka jira kumfa. Idan ba a ga komai a waje ba, zargi ya koma kan ibaforeta, aikin da a motoci da yawa sai an sauke dashbod.

Idan gas ya fice duka, da naitirojin ake cika bututu a gwada. Kada ka yarda a ɗauko tukunyar iskar mai walda. Iskar oksijin idan ta haɗu da mai cikin matsi tana fashewa, kuma tana kisa. Iskar mai faci kuma danshi take cusawa. Gas ɗin kansa idan ya fesu a fata yana ƙona ta da sanyi, a ido yana iya makantarwa, a kan wuta kuma yana zama hayaƙi mai guba. Ba a yin walda a bututun da ke da gas a ciki.

Wane gas, wane mai?

Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990, irin su Fijo 504 da 505 da kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna da tsofaffin Marsandi, da R12 suka fito. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana shi saboda yana cin rufin ozon da ke tare illar hasken rana, kamfanonin mota suka koma R134a tsakanin 1992 da 1995, ƙasashe masu tasowa kuma aka ba su wa'adin 2010. Sababbin motocin Turai daga 2017 suna zuwa da R1234yf. Ƙofar R12 mai zare ce kamar bakin taya, ta R134a kuwa dannawa ake yi ta kama.

Mai tsohuwar mota da zai koma R134a ya sani cewa man R12 ba ya tafiya da sabon gas. Sai an zubar da shi, an sa man esta, an sauya diraya da zobban roba, sannan a zuba kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da takarda ta faɗa. Motar da ta fito da R134a kuwa man PAG take sha, mai lambar da kwamfuresarta ke so. Baƙin man inji ba ya shiga nan ko ɗigo.

Gas ɗin esin ɗaki, R22, matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Na firij, R600a, yana kama wuta. Akwai kuma jabun R134a da ake gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam, wanda a 2011 ya fasa na'urorin sanyin kwantenoni a tashoshin jiragen ruwa har aka rasa rayuka. Gwangwanin gas da kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, bar shi. Araha ba ta ado.

Zuƙe iska da cikawa

Duk lokacin da aka buɗe bututu, ko aka bar mota ta daɗe ba gas, a sa sabuwar diraya, a sa sababbin zobba a shafa musu man esi. Sannan a ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, don ya fitar da iska ya busar da danshi. A rufe geji a jira minti 10 zuwa 15. Allura ta motsa, akwai sauran yoyo, kada a zuba gas. Masu fesa ɗan gas su ce sun kore iska ba su kore komai ba. Tsohuwar kwamfuresar firij da wasu ke amfani da ita ta fi babu, amma ba ta kai zuƙar injin gaske ba.

Da sikeli ake cikawa. Yawancin ƙananan motoci suna ɗaukar giram 500 zuwa 900, masu esin baya sun fi haka, takardar bonet ce alƙali. "Ƙara kaɗan don ya yi sanyi sosai" kuskure ne: a zafinmu rarar gas tana haura matsi, makunni ya riƙa yanke wuta, kwamfuresa ta wahala, inji ya yi zafi. In inji na aiki, ta ƙofar L kaɗai ake zubawa, gwangwani a tsaye. Buɗe jan famfon geji a wannan lokacin yana iya fasa gwangwanin a hannun mai riƙe da shi.

Idan kwamfuresa ce ta mutu

Juye manta a farar takarda. In ya fito garau, da sauƙi. In ya fito baƙi da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, garin ya bazu ko'ina, kuma zai cinye sabuwar da za a ɗaura. Dole a wanke bututai, a sauya diraya da bawul, a sauya kwandensa idan mai ƙananan ƙofofi ce da ba ta wankuwa.

Za ka sayo ta hannu, wadda ake kira ta Beljiyam, ko a Sakkwato, ko Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohuwar a hannu. Gwada kunnuwan da ake ɗaure ta, ƙirga layukan fuli, duba soket da lambar da ke jikinta. Toyota galibi Denso take ɗauka, motocin Turai da yawa Sanden. Zaɓi wadda bakunanta ke toshe, don wadda aka bari a buɗe ta sha ƙura da danshi. Juya fuli ka saurari boris. Juya faifan gaba da hannu, babban yatsa a kan ƙaramar ƙofa, ka ji tana tura iska ba tare da cijewa ba. Ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya. Diraya kuwa ba a sayen ta hannu, komai kyanta.

Kulawar shekara

Ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, shi ne lokacin sabis: a kaɗe ko a sauya filta, a wanke kwandensa, a duba fambel da ruwan lagireto. Da damina, bayan ratsa taɓon fadamun Rima da Bunsuru, a sake wankewa kafin laka ta bushe. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 direbobi da yawa sun daina kunna esi sam, sai zobban roba da bakin kwamfuresa su bushe, gas ya sulale. Minti goma a mako ya isa ya zagaya da mai. Motar da ta yini a rana, a sauke gilasai zafi ya fita tukuna, sannan a rufe a danna maɓallin juya iskar ciki, wanda yake hana ƙura shiga kuma yake rage wa na'urar wahala. Allurar zafin inji ta fara hawa, kashe esi nan take, don gyaran kan inji ya ninka na esi.

Ranar da tafiya gareji ta zama dole, ka riƙe tambayoyin nan: ina yake yoyo, nuna mani, za a sauya diraya, minti nawa za a zuƙe iska, giram nawa za a zuba, kuma ina sikelin? Makaniken da ya san aikinsa zai amsa su ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya ɗauko gwangwani tun kafin ya ɗaura geji, yi masa godiya ka ƙara gaba.